Idon Da Na Zaɓa Wa Illa

Tun da na baro garinmu, can bayan Takanamat, na zo Tawa wurin gwaggona, hannuna bai daina rawa ba. Ko kofin shayi na ɗauka sai ya zube. Ina cikin wannan hali wana Illa ya zo da saƙon dattawa: gero ya nuna, dole a koma girbi, kuma an yanke shawarar sayen jimel, madubin nan mai ido biyu na hangen nesa. Za a sa mutum bisa dutsen gabas ya riƙa duba hanya. In ya hango masu moto, 'yan bindigan nan da ke kai hari bisa babura, ya buga ƙarfe, mutane su bazu cikin daji. Ni na yi kwaleji, ina iya karanta abin da ke jikin kaya, don haka ni zan zaɓa. Na tambaye shi wa zai hau dutsen. Dariya kawai ya yi. Tun muna yara, Illa ke fara ganin jinjirin watan azumi kafin kowa a garin.

Nan take Kaka Dije ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta.

Lokacin sanyi, da an ci tuwo, takan hura wuta da karan gero a bakin ɗakinta, mu kewaye ta muna ture juna. Tana binne mana gujiya cikin toka mai zafi, awaki na tari a bayan danga. Ba ta fara tatsuniya sai na goga mata goro a magogi, don haƙoranta sun daɗe da ƙarewa. Illa shi ne angonta, kullum tana masa tsiya wai bai kawo mata zanen salla ba. Ni kuwa uwar surutu take ce mini. Sai ta gyara zama ta ce ga ta nan tafe, a ba ta hanya, mu amsa mu ce ta zo ta zauna.

Akwai wadda muka fi roƙo, ta saurayin da ya ari idon mikiya. Wai wani gari ne mahara suka dame shi, sai wani saurayi ya je wurin mikiya ya roƙi aron idanunta. Ta ce za ta ba shi, amma ya sani nata na nesa ne, ba su ganin abin da ke kusa. Ya yarda, suka yi musanya. Ya hau wata kuka a bakin gari, yana hango mahara tun suna tafiyar kwanaki, mutane su kwashe dabbobi su shige kogo. Gari ya samu lafiya. Shi kuma bai ƙara ganin fuskar uwarsa ba, bai ganin ko akushin da ake ɗaura masa a igiya. Nan Kaka takan kwaikwaye shi yana kai loma kunne, mu yi ta dariya har mu faɗi. Da maharan suka gane, sai suka aiko tsoho guda, a ƙasa, da gatari a kafaɗa kamar mai neman itace. Saurayi na can yana kallon ƙarshen duniya, tsoho na gindin kuka yana sara.

Wata rana Illa ya fusata, ya ce don me ba a sa wani ya zauna a gindin ba. Kaka ta tofa goro cikin wuta ta ce:

"Wa za ya zamna, angona? Kowa na gona. Ai da an aje mai gani, sai gari duka ya bar dubi."

Ta rufe da kan kusu kamar kullum, ta kore mu mu je mu kwanta. Muka tafi muna ɓare gujiya, babu wanda abin ya dama.

Ranar da masu moto suka shigo garinmu, kafin in gudo Tawa, da hantsi ne, ba wanda ya gan su sai da suka kai rijiya. Ina kwance cikin kunyar gero, tafina a bakin ɗiyar maƙwabciyarmu don kada ta yi kuka. Abin da na ji ba zan rubuta ba. Na dai fahimci dalilin dattawa. Ba su da sojan da zai kwana musu, ba su da abin ci sai geron nan.

Ni da Illa muka je wata butik kusa da kasuwa, ta wani mutumin Damagaram mai sayar da rediyo da fitilu. Ya fito da iri uku. Akwai dogo mai ido ɗaya da ƙafa uku, ya ce na kallon taurari ne, mutum a cikinsa kai ƙasa yake fitowa. Muka ture shi gefe. Sauran biyun na duba lambar jikinsu: ƙaramin takwas, babban ashirin, wato yawan yadda kowanne ke jawo abu kusa. Na ɗaga babban na kalli hasumiyar wani masallaci mai nisa. Ta zo har gabana, amma ita kaɗai, kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma tana ta tsalle saboda rawar hannuna. Da ƙaramin na ga titi gaba ɗaya, da amalanke, da mai shayi, amma abin da ke nesa ya zama ɗigo.

Illa babban yake so. Ya ce in ya gan su tun daga nesa, tsofaffi da masu goyo za su samu lokacin gudu. Gaskiya ya faɗa. Ni kuwa na kafe kan ƙaramin, na kawo masa hujjar nauyi da rawa da ƙuncin gani, duk gaskiya ne, amma gindin kuka nake tunani. Ya gaji ya ce to, mai lakwal, 'yar boko, ta fi shi sani.

Mai butik na naɗe shi, sai ya ce don ya kwantar mana da hankali: dama babban wannan kaɗai ya rage, wasu sun zo kwanan baya sun kwashe sauran, ko ciniki ba su yi ba. Na tambaye shi su wane ne.

"Ƙanwata, ni kaya nake sayarwa. Ba na tambaya."

Illa ya rataya igiyar a wuya, ya tura jimel ɗin cikin riga.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga mai kwaɗayin abin da ba nasa ba. Da na shiga kwaleji na ce a'a, da masu hangen nesa take, waɗanda ke manta gida. Yanzu ina ganin Kaka ba wani darasi ta ba mu ba. Ta faɗa mana ne kawai abin da ke samun wanda aka ɗora bisa itace, ko wane ido aka ba shi. Na juya labarin ta kowace fuska, ban sami inda saurayin ke saukowa ba.

Illa ya koma da motar ranar kasuwa. A garinmu waya ba ta kamawa sai bisa dutsen nan, don haka daga can yake kirana bayan la'asar. In ta yi ƙara na san yana raye. Na kuma san yana tsaye inda ake ganinsa, sai in ce masa ya kashe ya sauka, tun ban gama jin muryarsa ba.