Kurciyar Bakin Gonar Yaya Sha'aban

Yayana Sha'aban manomi ne a wani ƙauye gefen Sandamu, kuma tun muna yara ba shi da yawan magana. Ni Haulatu, ƙanwarsa, ni na kwashe surutun gidanmu duka. Gonarsa ta dawa ce a bakin fadama. In damina ta yi nisa, dawar nan takan rufe mutum ruf, ganye ya sarƙe da ganye. Sai ka tsaya a bakin gona ka yi ta ƙwala kira har maƙogwaronka ya bushe, ganye ya shanye muryar.

Matarsa Siddiƙa, Allah Ya jiƙanta, shekara arba'in tana kai masa fura, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Wace mace ce za ta tsaya a bakin hanya tana ihu da sunan mijinta? Sai ta haɗa tafukan hannunta ta busa tsakanin manyan yatsu, kukan kurciya ya fito. Yaya ne ya koya mata. Ya lura kukan ƙananan tsuntsaye ba ya nisa a duhun dawa, amma na kurciya mai kauri ne, yana ratsa ganye har ƙarshen gona. Sau uku take yi, ta ɗan tsaya, ta ƙara ɗaya, don ya bambanta ta da kurciyar gaske.

Ta rasu bara da rani. Kai fura ya dawo kaina, ni da gwiwata mai ciwo. Ga kunnen Yaya ya yi nauyi. Har cewa ya yi kanari sun bar garin nan. Na ce kanari suna nan, kunnenka ne ya yi ƙaura.

Wata rana na kira shi tun azahar har la'asar, shiru. Sai da maza suka kutsa ciki suka same shi zaune a gindin gawo shi kaɗai, ko ruwa bai sha ba. Labari ya kai wa ɗansa Mansur a Katsina. Ya bugo waya ya ce, "Gwaggo, in aka sake haka, zan zo in ɗauke Baba, a ba da gonar aro." Ni kuwa na san Yaya. Ranar da aka raba shi da gonar nan aka ajiye shi a ɗakin birni, an gama da shi.

Kwana uku ina koyon busar a bayan ɗaki, tsofai-tsofai da ni, kaji suna kallona. Kunya kamar in nutse. A rana ta huɗu na tsaya a bakin gona, na ajiye ƙwarya, na busa sau uku, na tsaya, na ƙara ɗaya.

Sai na ji kara yana motsi can ciki. Sauri yake yi, irin saurin da rabon da in ga ya yi tun kafin rasuwar. Ya buɗe ganye ya fito, hula a karkace, fuska a sake. Ya gan ni, ya tsaya cak.

"Ke ce, Haulatu."

"To da wa?" na ce da ƙarfi, don in ban yi faɗa ba kuka zan yi. "Zauna ka sha, Yaya, ta fara tsami."

Ya zauna. Na matsa kusa da kunnensa na ce in ba ya so ba zan sake ba, amma ya sani Mansur yana nan da motarsa. Ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya.

"Ki riƙa yi," ya ce. "Amma in kin busa, ki ajiye ƙwaryar ki tafi abinki. Kada ki jira ni."

"Saboda me?"

"Daga tsakiyar gona zuwa nan akwai 'yar tafiya. Ki bar min ita, in yi ta ban ga kowa ba."

Haka muke yi, kuma Mansur bai zo ba. Kullum in busa, in ajiye ƙwarya, in kama hanyar gida. Ina jin kara yana motsi a bayana da sauri, amma ba na waiwayawa.