Katakon da Na Bari Ya Bushe

Shekara biyu da 'yan watanni katakon nan ya yi a jingine a bayan ɗakina, ƙarƙashin rufin kwano, inda ruwan sama ba ya kaiwa. Falle tara ne. Na saye su don in haɗa wa 'yata Memuna kantar jera kwalabe, irin wadda ta gani a wani shago a unguwar Kwadaso ta zana mini a takarda. Duk sanda ta tambaya, amsata ɗaya ce: bai bushe ba tukuna. Ba ni na ƙago wannan amsa ba. A bakin murhun kakata na ɗauko ta, kuma sai bana na gane rabi kawai na ɗauko.

A tsohon Zango na Kumasi na tashi, a gidan haya mai ɗakuna da yawa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Kaka Adiza, mahaifiyar babana, suyar gyaɗa take yi. Da an idar da Magariba sai ta hura wuta, ta ɗora kasko da yashi, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno tana juyawa. Mu jikokinta biyar muna kan tabarma, muna murje ɓawo, muna bakacewa a faifai, muna ɗurawa a kwalabe. Kwalaben na giya ne da ake tsinto mata daga mashaya a cikin gari. Takan wanke su sau bakwai da toka da ruwan zafi. In wani ya yi mata magana sai ta ce, "Kwalba ba ta da addini, abin da aka zuba mata ne yake da shi."

Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa a yashi mai zafi, sai in ji gwiwoyina sun daina ciwo na ɗan lokaci. Ina ganin hayaƙin yana bin igiyar shanya, ina jin matan gidan suna kwashe tuwo suna faɗa a kan layin famfo, ina ganin hasken wutar a goshin Kaka. Ba ta ƙona icen da aka sayo a makon. Sai ta jera shi a jikin bango ya kwana biyu. In ɗanye ya ɓuya a ciki, da ya fara tsiyayar kumfa yana shiii a wuta, za ta zare shi ta jefar gefe.

"Ku ji shi yana kuka," in ji ta. "An sa shi aiki bai shirya ba."

Tatsuniyarta ma sana'a ce. Ta san bakin yaro in ba shi da aiki gyaɗa zai ci, don haka kowace tatsuniya tana da waƙa, kuma dole kowa ya amsa. Wanda muryarsa ta shaƙe, an san abin da ke bakinsa. Ni ta fi kamawa.

"Sule, maigidana, ban ji ka ba. Miji ba ya kawo cefane, kuma yana cinye jarin matarsa?"

"Kaka, tari ne ya kama ni."

"Tarin da ke ƙamshin gyaɗa? Buɗe bakin in ga maganinsa."

Yadda take buɗe tatsuniya ma daban ne. Takan ce, "Ga ta nan, yanzu ta sauko daga motar Tamale." Mu ce, "A ba ta ruwa ta faɗi abin da ta gano."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta kurege da hawainiya. Maƙwabta ne, gonarsu iyaka ɗaya, kuma shekarar ta yi kyau, gyaɗa ta yi 'ya'ya har ba wurin zubawa. Kowannensu ya shiga daji ya saro ice don kafa rumbu. Kurege ko inuwa bai nema ba, ranar da ya saro ranar ya kafa, ya ɗaure, ya hau loda gyaɗa. Ƙafafun rumbun ɗanyu ne, sai suka fara waƙa. Kaka ta maƙale murya ta ce, "Ƙii-ƙaa, ban bushe ba." Mu amsa da ƙarfi, "Ƙara mini, in zube!" Kurege ya ce ai rumbunsa murna yake yi. Ya ƙara buhu. Ƙii-ƙaa. Ya ƙara. A karo na bakwai Kaka ta buga ludayin suya a bakin kasko, rim, rumbu ya rufta, ya danne wa kurege wutsiya, da ƙyar ya fizgo ta duk ta barbaje, shi ya sa har yau take a tsefe. Mu yi ta birgima a tabarma muna dariya.

Daga nan sai ta koma kan hawainiya. To ɓangaren hawainiya ba shi da waƙa. Ba amshi, ba mai kama mu. Nan ne kowa ke cika baki, ƙarar tauna ta toshe kunne. Na san dai Kaka tana magana a hankali, idonta a kan wuta, har ta rufe da, "Ƙurunƙus, wuta ta ci rabonta, ku tashi an kira Lisha." Abin da na tafi da shi ɗaki shi ne kurege wawa ne, kuma ba a ɗora kaya a kan ɗanye.

Da wannan na yi kasuwanci shekara talatin da ɗoriya, kuma ba zan ce ya cuce ni ba. Da sayen tsofaffin kwalabe na fara, gida gida, buhu a kafaɗa. Daga baya na koma kawo zuma daga arewa, wajen Tumu, ina tacewa ina ɗurawa a irin kwalaben da Kaka ke wankewa. Ban taɓa kurɓar abin da ya fara zama cikinsu ba, amma su suka ciyar da gidana. Zuma ma tana da ɗanya. In an ɗebe ta kafin ƙudan ya rufe saƙa, ruwa ne a cikinta, ta kwana biyu a kwalba sai ta yi tsami ta tunkuɗe marfi. Na ga mutane sun yi gaggawar riga kowa kawo ta farko, na ga yadda suka ƙare. Ni nakan jira. Har aka san ni da haka a Zango: in Alhaji Sule bai saya ba, ba ta nuna ba.

Abin da ban lura ba shi ne jiran ya bi ni gida. Memuna tun da ta gama makaranta take tare da ni. Shekara goma tana wanki, tana tacewa, tana liƙa marfi. Harshenta ya fi nawa, in an gauraya zuma da narkakken sukari, ɗigo ɗaya ya ishe ta. Amma ban taɓa zuwa da ita arewa ta ga masu amya ba, su ne kuwa tushen sana'ar, wanda bai san su ba yaron shago ne ko ya yi furfura. In ta yi maganar, sai in ce saura kaɗan. Da ta zo da shawarar kantar nan, ta ce masu manyan gidaje na Kwadaso da ido suke saye kafin baki, in suka ga zuma a jere cikin katako mai kyau kamar yadda ake jera musu giyar inabi, za su ɗauka, na ce to. Na sayo farin katakon nan marar nauyi da masu katako ke kira wawa, na jingine. Takardar zanen na sa a aljihun wata riga.

Wata safiya bana, ina zaune ina shafa man zafi a gwiwa, ta kawo mini koko ta tsaya.

"Baba, ƙarshen wata zan tafi Akara. Wata ƙawata ta samo mini aiki inda ake ɗura man kaɗanya a gwangwani."

"Aikin wasu? Ga na gidanku?"

"Nan ma aikin wasu nake yi, Baba. Can dai an ce bayan shekara za a ba ni sashe in riƙe."

"Ai na faɗa miki, saura kaɗan."

"Ina da ashirin da ɗaya ka fara faɗa. Yanzu talatin da ɗaya." Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mini cokali a kofin. "Ko kantar nan, itacen da aka yanka ya isa ya sake tsirowa."

Na ji zafin maganar. Na ajiye kokon na zagaya baya, don in nuna mata yau ɗin nan zan fara. Na kama fallen farko na ɗaga, sai na ji ba nauyi, kamar na ɗauki kwali. Wani gari fari mai laushi ya zubo mini a ƙafa. Na duba, duk jikinsa 'yan ramuka ne kamar an tsattsaga da allura. Na danna da babban yatsa, yatsan ya shige. Na biyu haka, na uku haka. Ƙwaron katako ya cinye cikinsu tas, ya bar mini fatar. Falle tara, ko ɗaya ba zai riƙe ƙusa ba.

Memuna tana tsaye bayana. "Baba, ya bushe?"

Na zauna a kan wani tsohon bokiti, garin yana manne a tafin hannuna, sai ga muryar Kaka, wadda na yi zaton gyaɗa ta hana ni ji. Ashe kunne yana ajiya ko mai shi bai sani ba. Hawainiya ta jingine icenta a gindin kuka, ta tara gyaɗarta a ƙasa ta rufe da tabarma. Kullum sai ta je ta ƙwanƙwasa icen ta ce saura kaɗan. Rani ya wuce, ta ce saura kaɗan. Hadari ya haɗu, ta ce bari dai ya ƙara kwana. Ranar da ta yarda ya bushe, ta ɗaga, sai ya ruguje, gara ta gama da shi. Ta juya wajen gyaɗa, ruwa ya shige ta, duk ta tsiro. Tun ranar take tafiya tana miƙa ƙafa tana janyewa. Har tambayar da Kaka ke yi ta dawo mini: "Wa ya kwana da yunwa?" Mu ce kurege, baki cike. Ita kuwa ta ce, "Kurege ya tsince tasa a ƙasa, ya ci da ƙasa-ƙasa."

Washegari na hau trotro, motar haya, zuwa kasuwar katako. Na zaɓi jan katako mai tauri wanda ya riga ya sha iska a rumfar mai shi, na ƙwanƙwasa na ji yana amsawa da ƙara mai kaifi, na sa aka tsaga mini. A tsakar gida na shimfiɗa, na aro zarto da guduma wajen kafintan layinmu. Ni ba kafinta ba ne. Kwana biyu na yi ina fama. Na haɗa gefe da gefe, na yanka sanduna na gaba da na baya, na fara fafe gurbin da kowace kwalba za ta kwanta. Hajiya, matata, ta leƙo daga kicin ta ce in na yanke yatsa kada in kira sunanta.

Da la'asar a rana ta biyu Memuna ta tsuguna ta ɗora kwalba a gurbin farko. Ta kwanta sambal, daidai wa daida. Na ji daɗi. Ita kuwa ta girgiza kai.

"Ka yi wa masu giya aiki, Baba. Su suna kwantar da tasu ne don ruwan ya riƙa jiƙa toshiyar. Zuma in ta kwanta haka, za ta bi marfi ta tsatso, kafin safiya tururuwan Zango duk sun zo biki. Sandar gaba sai ta fi ta baya tsawo da yatsa biyu, wuya ya kalli sama. Yana cikin takardar."

"Wace takarda?"

"Wadda ka wanke da rigarka bara."

Na miƙa mata fensir. Ta ja layi a kan sandunan, ta karɓi zarton ma, ni na koma mai riƙe mata katako. Muka gama gab da Magariba. Kantar ta ɗan karkata hagu, sai da muka sa mata guntun katako a ƙafa ɗaya, amma ta ɗauki kwalba ashirin da huɗu, wuyansu a sama, hasken yamma yana ratsa zumar. Ko ƙii ba ta ce ba.

Na ce, "Ran Alhamis akwai motar Tumu. Zan raka ki sau ɗaya, in nuna ki ga masu amya. Ke za ki ɗanɗana, ke za ki ce a saya ko a bari. Ni bakina a rufe."

"Bakinka a rufe? Baba, a gaban zuma?"

"Ki cika mini shi da gyaɗa."

Ta yi dariya, ta daɗe tana shafa gefen kantar da yatsa. Sannan ta ce za ta gaya wa ƙawarta ta ba ta kakar zuma ɗaya. In ta sake jin saura kaɗan daga bakina, ko a kan ruwan shayi ne, ta tafi. Na ce na ji.

Mun je mun dawo. Ta ƙi jarka biyu da ni da na saya, kuma da na ɗanɗana a ɓoye na ga ita ce da gaskiya. Yanzu ita ke waya da mutanen arewa, ni ina zaune a ƙofar shago ina gaisawa da masu wucewa. Ba na yaudarar kaina, shekara goma ba ta dawowa, kuma ban san iyakar abin da jirana ya cinye a cikin yarinyar nan ba, don daga waje ba a gani. Kaka ta gaya mana duka biyun, kuskuren kurege da na hawainiya, ta sa waƙa a kan wanda ke faɗuwa da ƙara, ɗayan kuwa ta bar shi shiru, wataƙila don shi a shiru yake zuwa.

Tsohon katakon na farfasa wa Hajiya ta sa a murhu. Na tsaya ina kallo, ina jiran in ji ko zai yi kuka. Bai yi ba. Ya kama nan take, ya yi haske, ya zama toka, ruwan da ke kan wutar ko ɗumi bai gama yi ba.