Shahon da Muka Saka a Rediyo

Ina durƙushe a bayan tsohon rediyon falona, ƙanena Bukar yana riƙe da kwamfuta. Daga Guri ya zo: shinkafarsa ta fitar da kai, tsuntsayen jan baki sun sauka mata. Ya samo kukan shaho a intanet, yana son manyan sifikuna su tsorata su.

Wayar haɗa kwamfutar da rediyon mai kai uku ce. Na cusa siririn a ramin iyafis na kwamfutar, ja da farin a bayan rediyon. Muka kunna, kajin maiɗakina suka watse.

Ya loda komai a mota har da janareta. Bayan kwana uku ya dawo mini da kayana.

"Yaya aka ƙare, Bukar?"

"Yaya, ranar farko sun gudu. Washegari suka dawo suna leƙe. Yau kuwa a kan sifikar suke hutawa in sun ƙoshi."

Ya koma kaɗa gwangwani da igiya, ko zai tsira da rabin gonar.

Ashe ko tsuntsu yana gane mai kurin da ba ya kai duka. Manoman fadama, ku da me kuke kora bana?