Dusa da Ƙanensa Auta

A gidan gonarsu kowa Dusa yake kiransa, har 'ya'yan da ya haifa in bai ji ba. Sunan ya samo asali ne daga aikinsa. Tun yana saurayi Baba ya damƙa masa mabuɗin siton abincin shanu, kuma tun daga lokacin ba a ƙara ganin girarsa baƙa ba. Garin dusa ya zauna masa a gashin ido, a kunne, a cikin hula.

Shanun gidan na haihuwa ne. Ba a kiwonsu don yanka, maruƙansu ake sayarwa, shi ya sa abincinsu ba a yi masa garaje. Da sassafe Dusa zai share daɓen siton, ya juye dusar masara, ya bi ta da anguryar auduga da tunkuzar gyaɗa, sannan ya kawo garin ƙashi da gishiri da wani farin sinadari da likitan dabbobi yake kawo musu a leda. Waɗannan ƙananan ba ya watsa su cikin tulin haka kawai. Sai ya fara cakuɗa su da ɗan gari a bokiti, da hannu, kafin ya barbaɗa, don kada wata saniya ta cinye rabon 'yan'uwanta a loma ɗaya. Daga nan sai shebur. Ya juya tulin gabas, ya dawo da shi yamma, har launinsa ya zama ɗaya. Na masu ciki daban, na masu shayarwa daban, na karsanar da ake shirin kai wa bijimi daban.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka, Dusa bai taɓa jin an rage shi da komai ba, sai da Auta ya dawo gida.

Auta ƙanensa ne, direban babbar mota, wanda ya gaji da hanya ya tattaro matarsa ya dawo. A lokacin gwiwoyin Baba sun fara gardama, ba ya iya durƙusawa bayan saniya mai naƙuda, sai ya miƙa wa Auta turken haihuwa. Ga mamakin kowa, Auta ya iya. Yana da sanyin hannu, yana da baki. Zai yi ta yi wa saniya hira kamar fasinja har maraƙi ya faɗo.

Maruƙan kuwa suna faɗowa da ƙarfinsu, kafin a gama goge su sun miƙe. Masu saye suka riƙa tsayawa a bakin shinge suna yabawa, Baba yana zaune a kujerarsa yana cewa, "Hannun Auta ne, yaron nan hannunsa da albarka."

Siton yana bayan turken, bango ɗaya ne tsakani. Dusa ya ji maganar nan da shebur a hannu, ya tsaya cak. Ƙashin da ya ɗaga maraƙin nan, wa ya gina shi tun yana ciki? Ya jira ko Baba zai ƙara da wani suna. Baba ya koma zancen ruwan sama.

Da rana Dusa ya kasa cin abinci. Matarsa ta dube shi ta ce, "Baban yara, lafiya?"

"Ƙura ce ta cika min ciki."

"Yau ka fara shan ƙura?"

Da wane baki zai ce yana kishin yaron da ya goya a bayansa?

Abin ya riƙa cinsa a hankali. In Auta ya sa sabuwar riga, sai Dusa ya lura cewa aikin turke ba ya ɓata kaya kamar nasa. In Mama ta aika a kira Auta ya ɗauko mata wani abu, sai ya ji kamar da gangan aka tsallake shi. Auta kuma bai san ana yi ba. Kullum zai leƙo sito ya ce, "Yaya, sannu da aiki," Dusa ya amsa da hanci.

Akwai wata karsana da ake kira Mai Kunya, wadda aka haifa a rame, har Baba ya ce ba za ta yi rai ba. Dusa ne ya ware mata haɗi nata na musamman, yana ba ta a tafin hannu har ta zama saniyar da ake nunawa. Haihuwarta ta fari tagwaye ta zubo, duka mata, duka lafiya. Gida ya cika da murna. A gaban kowa Baba ya nuna ɗaya ya ce, "Auta, wannan taka ce, ladan wahalarka."

Dusa ya yi wa ƙanensa murna da baki, ya koma sito. Ranar ya juya tulin har ya wuce ƙa'ida. Yana cikin janyo buhu da fushi daga ƙasan jeri, na sama suka zubo masa a baya.

Mai ɗori ya ce sai ya kwanta makonni. Aikin sito ya faɗa kan Auta.

Auta ya shigo ɗakin ya durƙusa gefen katifa. "Yaya, yaya kake auna na masu ciki?"

"Ka duba ka gani. Ai kai hannunka da albarka."

Auta ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ya fita.

Dusa ya kwanta yana kasa kunne. Ya san kukan saniyar da ta shinshina komi ta juya baya, kuma Allah ya sani, kukan nan yake jira. Yana son shanun kamar ransa, amma yana so su ƙi ci, ko da na yini ɗaya ne, Baba ya dogara sanda ya zo bakin ƙofarsa ya tambaye shi. Safiya ta yi, ya ji ƙarar baro, ya ji an juye a komi, sai shiru, irin shirun dabbobin da suka sa kai suna ci. Washegari ma haka. Nono bai ragu ba. Matarsa ta shigo da fara'a ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, Auta ya riƙe komai. Ya juya fuska bango.

Da ya fara iya takawa, bai nufi ko'ina ba sai sito. Ya tarar da Auta ya ɗaure hanci da tsumma, ya yi fari fat, yana tari. Dusa ya cusa hannu cikin tulin har gwiwar hannu, ya damƙo, ya murza, ya shinshina. Haɗin ya yi. Ya so ya samu dunƙulen sinadari ko ɗaya, bai samu ba. Sai ya ɗanɗana a harshe, fuskarsa ta saki.

"Gishiri ya yi yawa."

"Da gaske, Yaya?"

"Kaɗan. Amma ya yi yawa. Ba ka ga suna yawan zuwa wurin ruwa ba?"

Auta ya kwance tsumman ya miƙa masa shebur da hannu biyu. "To don Allah karɓi kayanka. Ɗakin nan zai kashe ni. Ba wanda ke leƙowa, ko Baba bai san inda nake yini ba."

Dusa ya karɓa. Ya so ya ce wani abu mai daɗi, abin da ya fito shi ne, "Ka bar min daɓe ba shara."

Ya koma aikinsa, ya ci gaba har bayan rasuwar Baba. Garken bai rabu ba, 'yan'uwan ba su taɓa yin faɗa ba. Labarin gishirin nan kuwa ya zama abin hirarsa. Duk baƙon da ya yabi Auta, Dusa zai jira ya gama, sannan ya ce, "Ƙwarai kuwa. Sai dai kada ka ba shi gishiri ya auna." A yi dariya, Auta ya fi kowa yi.

Da furfura ta fara gauraya da garin da ke kansa, ya kira magini ya fasa masa taga a bangon sito, ta ɓangaren turke. Matarsa ta zo ta duba ta ce, "Kai da maganar masu saye ke hana ka cin abinci, ka buɗe mata hanya?"

"Don iska ce," in ji shi.

Da yamma wasu masu saye suka iso, Auta ya fito musu da sabon maraƙi. Dusa ya jingine shebur, ya matso kusa da tagar.