Hannun Mai Gyaran Agogo

Babanmu mai gyaran agogo ne. Shekara talatin yana zaune a wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, gilashi maƙale a ido ɗaya, hantsaki a hannu. Shekara goma sha ɗaya daga ciki da maganin ciwon damuwa ya yi su, ƙwaya ɗaya kowace safiya, tun rasuwar mahaifiyarmu da ta kwantar da shi wata huɗu ba ci ba magana.

Maganin ya tashe shi, ba na musu. Amma a hankali hannunsa ya soma rawa. Ga wani wannan ba komai ba ne, ga mai ɗaukar ƙusa ƙarama kamar ƙwayar yashi kuwa, ƙarshen sana'a ke nan.

Baba da taurin kai, bai gaya wa likita ba, bai gaya min ba, ni babbar 'yarsa da ke karɓo masa maganin. Sai ya ɗauki ƙwayar kamar wani ƙarfen agogo. Kullum ya sa gilashi, ya goge gefenta da magagari, wannan mako kaɗan, mako na gaba ya ƙara. Wai gyara yake yi!

Rawar hannun ta tsaya cak. Wata biyu yana aiki har da fito.

Ranar da na kai masa abincin rana na tarar ya juya wa ƙofa baya, agogunan mutane zube a tebur, na gane ciwon ya dawo. Na ga farin gari a bakin magagarin. Wallahi raina ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa.

"Baba, kashe kanka za ka yi?"

"'Yar nan," ya ce, bai ko juyo ba, "in na sha, ba ni da hannu. In na bari, ba ni da kaina. Wanne zan ajiye?"

Na ja shi wurin likita, aka mayar da shi kan ƙwaya cikakkiya, aka ce a jira a ga ko za a canza masa wata ƙwayar. Har yau jiran muke.

Jiya na same shi yana fama da agogon mahaifiyarmu. Sau huɗu ƙusar tana kuɓuce masa. A na biyar ya miƙo min hannunsa, hawaye na taruwa a cikin gilashin.

"Riƙe min nan," ya ce. "Kada ki saki sai ta shiga."