Ƙwaryar da Gwaggo ta ƙwace mini

Shekarun baya, tun ina budurwa a Madarumfa, kafin babban farin nan da ya ci dabbobin mutane, na tsiri koyon zanen ƙwarya. Gwaggona ce gwanar unguwarmu. Takan sa ƙarfe a garwashi, in ya yi ja ta ɗora a bayan ƙwarya, hayaƙi ya tashi, layi ya fito ɗoɗar kamar da zare aka ja. Ni kuwa ba mai yawo ba ce, in dai akwai inuwa da hira, to nan za ku same ni. Sai na liƙe mata.

Babana yana shuka duma a gefen gonarsa ta bakin tafki. Shi ke fafe mini, ya shanya, ya ba ni in koya. To ga ciwona. In na ja layi na ɗaga ƙwarya na duba, sai raina ya ɓaci. Nan ya karkace, nan ƙarfe ya zame, nan ya ƙone da yawa. Sai in ɗauki wuƙa in kankare, in sake. In kankare, in sake. Ƙwarya kuwa ba dutse ba ce. Tana yin siriri har rana ta riƙa leƙowa ta cikinta, daga nan sai ɓurma. Innata ta ce, "Ke dai matankaɗi kike koyo, ba zane ba."

Ran nan Baba ya shigo da wata ƙwarya madaidaiciya, fuska ba wasa. Ya ce, "Ɗiyata, dumana ba daga sama yake faɗowa ba. Wannan ce ta ƙarshe. In kin huda ta, ki koma kaɗin audugarki, an gama."

Na zauna gaban Gwaggo, na ɗauki ƙarfe. Ƙadangare na so in fitar, irin wanda take yi, mai doguwar wutsiya da ke zagaye gindin ƙwarya. Na gama, na ɗaga. Wayyo! Ciki ya kumbura, ƙafa ɗaya ta fi 'yan'uwanta, wutsiya ta tsaya a hanya. Na miƙa hannu wajen wuƙa, sai ji na yi caraf, Gwaggo ta fizge ƙwaryar.

"Gwaggo, bari in ɗan gyara nan kawai."

"Gyaran gangar auzinawa? Tashi, uwar tsaki."

Ta wanke ta tas, ta dama fura a ciki, ta rufe da faifai, ta ɗora mini a ka. Ranar kuwa gayya ake yi a gonar Baba, maza cike. Ta ce in kai masa, kuma in na kuskura na juye a wata ƙwarya za ta ji labari.

Jama'a, ban taɓa ganin hanyar tafki ta yi gajarta irin ta ranar ba. Na naɗe ƙwaryar da gefen mayafina, wai kada a gani. Na isa, na durƙusa, na ajiye. Baba ya sha, ya miƙa wa maƙwabcinmu, wani tsoho masunci mai barkwanci. Tsoho ya kurɓa, ya ɗaga ƙwarya sama, ya karkata kai.

"Kai, wa ya zana tarwaɗar nan? Ta ji kiwo!"

Na ce wa tsohon da ƙaramar murya, "Ƙadangare ne, Baba."

Tsoho ya ce, "To ai ƙadangaren gidan mai hatsi ne, ya ƙoshi."

Aka kwashe da dariya. Ni kuma maimakon in yi shiru, sai bakina ya ɓalle. Na shiga nuna musu da yatsa: ga inda ƙarfe ya zame, ga ƙafar da ta yi tsawo, ga wutsiyar da ba ta kai ba. Baba ya tsaya yana kallona, sannan ya ce, "Wa ya tambaye ki? Ni duk ban ga ko ɗaya ba sai da kika nuna. Kin zama dillaliyar da ke kushe kayanta." Ya shafa gindin ƙwaryar, ya duba tafin hannunsa, a bushe. Ya ce, "Ba ta yoyo. Gobe ma a cikinta nake son furata. In an yanke duman bana ki zo ki zaɓa."

Na daɗe kafin in gane abin da ke cina. Idona ya riga hannuna girma. Ya saba da aikin Gwaggo, wadda ta fara tun ba a haife ni ba, sai yake auna hannun jiya da shi. Sannan ni kaɗai na san ƙadangaren da ke cikin kaina, ni kaɗai ke ganin bai fito ba. Su masu shan fura abin da ke gabansu suke gani.

Na yi zane shekaru da yawa bayan nan, har amare na aiko mini da ƙorensu. Amma kada ku ce na warke. Ko jiya da na ɗinka wa jikata 'yar riga, tana tsalle tana murna, sai na ji bakina yana ƙaiƙayi in ce mata wuyan ya ɗan karkace. Na cije leɓe, na ce, "Juya in gani, amaryata."