Gurbinmu a Kantar Tarihin Sudan

Shekarar da aka kawo kwamfuta laburaren kwalejin da nake aiki a Khartum, ba wanda ya kai ni murna, kuma ba don son ilmi ba ne. Ɗakin da aka ajiye ta shi kaɗai ke da na'urar sanyaya ɗaki a duk ginin. Nan da nan mutanen da ba su taɓa leƙo sashenmu ba suka kamu da sha'awar jera littattafai, har da mai gadi. Ni aka ɗora wa aikin kwashe duk abin da ke cikin akwatunan kati in zuba mata. Kullum da safe sai in cusa kaina cikin hafila, ƙaramar bas ta haya, daga Umdurman, mu tsallake gada, in iso sharkaf da gumi, in shige sanyi in miƙe ƙafa.

Aikinmu ba shi da wuyar ganewa. Kowane littafi yana da lamba a gadon bayansa, ita ke faɗin kantar da zai zauna. Addini da lambobinsa, lissafi da nasa, tarihi da nasa, a cikin tarihin ma kowace ƙasa da tata. Kwamfuta tana da sauƙin kai, littafi ɗaya sai ka buɗe masa ƙofa biyar, mai nema ya shigo ta wadda ya ga dama. Kanta kuwa ba ruwanta da wannan, littafi ɗaya wuri ɗaya take ba shi.

Shugabar sashenmu wata dattijuwa ce, Ustaza muke ce mata. Ta haddace kundin ƙa'idojin ba da lamba, kuma ba ta yarda da kwamfuta ba ko kaɗan. Takan ce in an ɗauke wuta kati ba ya suma. Amma da rana ta take sai ka gan ta ta jawo kujera kusa da ni, wai ta zo duba aikina.

Wata rana na zaro katin wani littafi a kan Hausawan da suka taso daga yamma da niyyar hajji, suka yada zango a yankin Jazira na nan Sudan suna tsinkar auduga, har suka hayayyafa. Na duba lambarsa, sai na ga ta tarihin Najeriya ce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Labarin kakana ke nan. A Jazira aka haifi babana, ni kuma a Umdurman, Kano ko a mafarki ban san kamanninta ba. A waɗannan shekaru na mulkin soja, in ɗan unguwarmu ya je neman takardar zama ɗan ƙasa, sai an tono masa kakan kakansa. Ga shi ko a kantar littattafai ma an tattara mu an mai da mu inda muka fito.

Na kai wa Ustaza ƙara. Ta ce abin ai mai sauƙi ne, tunda ina taƙama da kwamfutata, in buɗe masa ƙofa biyu, ɗaya Sudan ɗaya Najeriya. Na ce na riga na buɗe, amma ɗalibin da ke bin kantar Sudan da ido yana shafa littattafai ba zai taɓa cin karo da mu ba. Sai ta sanar da ni cewa ita ce ta ba shi wannan lamba da hannunta, tun ina wasan ƙasa.

"Kawo mini ƙa'ida, ɗana," in ji ta. "Ba a ba da lamba da zuciya."

Na yi kwanaki ina kumbure-kumbure, ko shayin da take aiko mini ba na shanyewa. Ashe ta jefa littafin a jaka ta tafi da shi gida. Ranar da ta dawo da shi ta dire mini a kan tebur, ta ce ta karanta tas. Babin farko ne kawai ke kan hanya, sauran duk a gonakin Jazira suke, ƙa'ida kuwa ta ce littafi yana bin ƙasar da labarinsa ya fi zama. Ta ce in kankare tsohuwar lambar, in kuma daina yi mata fuskar shanu. Na liƙa sabuwa, na gyara a kwamfuta, na gyara a kati saboda ranar da wuta za ta tafi. Har rawa na taka a tsakanin kantoci.

Babana tela ne a Kasuwar Umdurman, bai yi boko ba, kuma ba ya tsallake kogi sai da dalili mai ƙarfi. Da na ba shi labari ya yi dariya, ya ce ashe takardu ma suna da unguwanni. Bayan kwana biyu sai ga shi a laburare cikin farar jallabiya, ya sha rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya gaisa da Ustaza, ya sa na kai shi kantar. Ya tambayi su wane ne maƙwabta. Na ce na dama a kan noman auduga yake, na hagu a kan ƙabilun bakin Nilu. Ya gyaɗa kai, ya ce mutanen kirki ne. Sannan ya tambaya ko ana ba da aronsa, na ce ana bayarwa. Sai na ga fuskarsa ta canja.

"To kada ka bari ya daɗe a waje. Kada ya dawo ya tarar an cike gurbinsa."

"Yaba," na ce, yadda muke kiran uba a nan, "ko shekara ya yi a waje, wurinsa na nan. Lambar ce ke riƙe masa."

Ya shafa lambar da babban yatsansa.

"Kwayyis, ya yi kyau," ya ce. "Mu ma da za a ba mu irinta."